Wayarin ɗin Gida Mai Sarrafa Kansa

Wayarin ɗin gida mai sarrafa kansa shi ne tsarin shimfiɗa wayoyin lantarki da na saƙo a cikin gini, yadda fitilu, fankoki, na'urar sanyaya ɗaki, famfon burtsatse da kyamarorin tsaro za su karɓi umarni daga wayar salula, ko su kunna kansu su kashe bisa lokacin da aka tsara musu. A wayarin ɗin da aka saba da shi hannun mutum ne ke yanke wuta a makunni. A wannan kuwa makunnin kansa ƙaramar na'ura ce da ke buƙatar wuta dare da rana.

Tarihi

Tunanin ya girmi intanet. A wajajen 1966 wani injiniyan kamfanin Westinghouse a Amurka, Jim Sutherland, ya haɗa kwamfuta mai suna ECHO IV a gidansa, tana lura da zafin ɗakuna da wasu kayan lantarki. Ba ta taɓa shiga kasuwa ba.

Wanda ya shiga gidajen jama'a shi ne X10, da kamfanin Pico Electronics na garin Glenrothes a Sikotilan ya ƙirƙiro a 1975, ya fara bayyana a shaguna wajen 1978. Dabararsa abar yabo ce: bai nemi a ja sabuwar waya ko ɗaya ba. Wutar gida tana kai da komo ne, kuma a kowane juyi akwai ɗan lokacin da ƙarfinta ke sauka zuwa sifili. A daidai wannan lokacin X10 ke cusa ɗan gajeren saƙo a cikin wayar wutar, sai na'urar da aka nufa ta ji ta amsa. Yana iya bambance adireshi 256: haruffa 16 daga A zuwa P, kowane harafi da lambobi 16. Rauninsa jinkiri ne, sannan hayaniyar wasu kayan lantarki kan haɗiye saƙon a hanya.

Turai ta bi wata hanyar. A 1990 kamfanonin lantarki suka kafa tsarin EIB, wanda ya ware wa saƙo wayarsa daban, daga baya ya haɗu da wasu tsare-tsare makamantansa biyu, BatiBUS da EHS, aka sami ƙungiyar KNX a 1999. Wayar KNX an fi saninta da koriyar riga, tana ɗauke da wuta mai rauni, kimanin bolt 30, tana bi daga makunni zuwa makunni, alhali wayoyin wuta mai ƙarfi duk sun koma allon rarraba wuta. Har yau ita ake ji da ita a manyan gine-gine da otal-otal.

Daga nan marasa waya suka biyo: Z-Wave na kamfanin Zensys a Danmak, da Zigbee da aka amince da ƙa'idarsa a 2004. A ƙarshen 2022 aka fitar da tsarin Matter, wanda Apple, Google, Amazon da Samsung suka mara wa baya don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa jin maganar juna.

Wayar da ba a kai ta makunni ba

Wutar Nijeriya bolt 230 ce, mai juyi 50 a daƙiƙa, kuma salon wayarin ɗinta gadon Ingila ne. Wayoyi uku ake ja: mai kawo wuta, wadda masu sana'a ke kira layif, ja ko ruwan ƙasa, mai mayar da ita, wato niyutiral, baƙa ko shuɗiya, sai wayar ƙasa mai zubar da wutar da ta zurara cikin ƙasa, koriya ko koriya da rawaya. Idan aka kwance makunnin fitila a yawancin gidajen Katsina, wayoyi biyu za a tarar a ɗan akwatin ƙarfen da ke cikin bango: layif mai shigowa da wadda ke fita zuwa kwan fitila. Niyutiral ta wuce ta sama, don makunnin hannu ba ya buƙatarta.

Nan ne gizo ke saƙa. Makunni mai karɓar umarni ba zai rayu ba sai da niyutiral. Akwai samfurin da ke aiki ba tare da ita ba, yana satar 'yar wuta ta cikin kwan fitilar, amma sau da yawa ƙananan kwayayen LED kan riƙa ƙyaftawa ko su yi haske dishi-dishi bayan an kashe su, sai an maƙala musu kafasito, wata 'yar na'ura mai riƙe wuta. Shi ya sa aikin da ya fi arha shi ne wanda aka yi kafin filasta: a kai niyutiral kowane makunni, a binne akwati mai zurfin milimita 35 ko 47 maimakon 25, a bar bututu guda babu komai a ciki don gaba. Mai ginin da ya tsallake wannan, fasa bango ke jiransa.

Wayar kyamara da ta intanet, irin su Cat6, bututunsu daban da na wuta, kuma tsawonsu kada ya wuce mita 100.

Yanayin Katsina da Daura

Waɗanda suka ƙera waɗannan na'urori sun ɗauka wuta ɗaya ce kuma ba ta yankewa. Gidan mai hali a Katsina ko Daura kuwa yakan sha daga rijiya uku: wutar KEDCO, kamfanin da ke rarrabawa a Kano, Katsina da Jigawa tun 2013, wadda har yanzu jama'a ke kira wutar NEPA, sai janareta, sai sola da inbata. Duk sanda aka sauya daga wannan zuwa waccan, na'urorin kan mutu su farfaɗo, wasu ma su tashi a kunne cikin dare. Maganinsa a raba allon wuta biyu, a ɗora na'urar intanet, kyamarori, fitilu da fankoki a kan inbata, manyan kaya su zauna a ɗaya ɓangaren. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a jawo wa makunni layif daga ɓangaren inbata, niyutiral kuma daga ɗaya ɓangaren.

Ƙananan na'urorin nan galibi amfiya 10 zuwa 16 suke ɗauka. Famfon burtsatse da na'urar sanyaya ɗaki suna fizgar wuta mai yawa a lokacin tashi, don haka a kan kontakto, wato makunni mai jure wuta mai yawa, ake ɗora su, ƙaramar na'urar ta ba shi umarni kawai. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, cunkusa su a matsattsen akwati na rage musu kwana.

Wayar ƙasa ma ba a yi mata riƙon sakainar kashi. Ƙasar yankin mai rairayi ce, tana bushewa ƙayau da rani, sai sandar tagullar da aka kafa ta kasa zubar da wuta yadda ya kamata. Masu wayarin kan zuba gawayi da gishiri a ramin, kodayake gishirin na cin sandar a hankali. Ana ƙara mai yanke wuta idan ta zurara, na miliyamfiya 30, da na'urar kariya daga tsawa da hauhawar wuta. Kayan da aka yi don Amurka, masu bolt 120, ƙonewa suke yi.

Dokoki

Hukumar NEMSA mai kula da ingancin aikin lantarki a Nijeriya, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba aikin wayarin da ba masu yinsa takardar shaida.

Saɓani

Masu goyon bayan waya na cewa ta fi ƙarko kuma ba ta jiran sabis. Masu mara waya na cewa ya fi arha kuma ya dace da gidan haya. Akwai kuma ƙorafin cewa wasu na'urori na aika bayanan gida zuwa rumbunan kamfanoni a ƙasashen waje, kuma idan data ta ƙare ba sa jin umarnin wayar salula sai na hannu.