Baƙin Daji (Schwarzwald)

Baƙin Daji yanki ne na duwatsu da kurmi a kudu maso yammacin Jamus, cikin jihar Baden-Württemberg. Jamusawa na kiransa Schwarzwald, sunan da ake dangantawa da duhun itatuwansa masu ganye kamar allura, waɗanda ba sa kaɗewa ko da hunturu. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 160, kogin Rhine na kewaye da shi ta yamma da kudu. Daga cikinsa ne kogin Danube ya samo asali, inda rafukan Brigach da Breg ke haɗuwa a garin Donaueschingen. Dutsen Feldberg, mai tsayin mita 1,493, shi ne mafi tsawo a yankin.

Tattaki ne babban abin da ke kawo baƙi. Ƙungiyar Schwarzwaldverein, wadda aka kafa a Freiburg a 1864, ita ke kula da hanyoyin ƙafa, galibi ta hannun 'yan sa-kai. Mafi shahara ita ce Westweg, da aka shata a 1900 daga Pforzheim zuwa Basel ta Suwizalan, tafiyar kusan kilomita 285. Matafiyi yana bin wata jar alama mai siffar daimon a kan farin allo, manne a jikin itace ko turke a mararraba, sai ya yi kwanaki bai ɓata ba. Wannan aiki na 'yan sa-kai ya cancanci yabo.

Da sanyi kuma sai wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. A ƙauyen Schollach ne wani mai masauki, Robert Winterhalder, ya kafa na'urar jan masu zamiya zuwa saman tudu a 1908, wadda ake ɗauka ita ce ta farko a duniya. A wancan lokacin, ruwan da ke juya injin niƙansa shi ke jan igiyar.

Ranar 26 ga Disamba, 1999, guguwar Lothar ta kwantar da itatuwa masu ɗimbin yawa. A kusa da dutsen Schliffkopf aka bar wani sashe yadda guguwar ta bar shi, aka shimfiɗa hanyar katako da tsani a kan kututturan, mai ziyara yana ganin sabbin tsiro na fitowa daga ruɓaɓɓen itace. A 2014 aka ayyana kimanin hekta 10,000 a arewacin yankin a matsayin gandun daji na ƙasa, har da wannan sashe.