Muhawara kan asalin duniya, tsarinta da makomarta

Duniya a wannan maƙala ba ƙasar da muke takawa kaɗai ba ce, ana nufin sammai da ƙassai, taurari da duk abin da ke tsakaninsu. Tambayoyi uku ake ja a kansu tun zamanin da: shin tana da farko, shin tsara ta aka yi, kuma ina za ta ƙare? A Kaduna ana jin su a zauren karatu a Tudun Wada, a nazarin Littafi Mai Tsarki a Sabon Tasha, da ajin fizis a Jami'ar Jihar Kaduna, kowa da harshen da ya saba.

Fararriya ce ko daɗaɗɗiya?

Aristo, masanin falsafa na Girka, ya tafi a kan cewa duniya ba ta da farko. Ibn Sina (ya rasu 1037) ya yarda Allah ne sanadinta, amma ya ce ba a taɓa yin lokacin da babu ita ba. Imam Gazali (ya rasu 1111) ya ƙaryata wannan a littafinsa Tahafutul Falasifa, Ibn Rushd na Andalus kuma ya mayar masa da martani. Hujjar ɓangaren Gazali ce ɗaliban tauhidi ke haddacewa a zaurukanmu har yau: duniya tana sauyawa, mai sauyawa fararre ne, fararre kuwa ba ya rasa wanda ya farar da shi. Kirista ma da wannan ya buɗe littafinsa, domin ayar farko ta Farawa a kan halittar sama da ƙasa take.

Kimiyya ta shigo maganar da ma'auni. A 1927 Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam kuma masanin lissafi, ya nuna cewa sarari yana buɗewa. A 1929 Edwin Hubble ya auna gungun taurari masu nisa, ya ga mafi nisa ya fi saurin ja da baya. Wanda ya taɓa tsayawa gefen layin dogo kusa da Rigasa ya san yadda jiniyar jirgi ke kauri da zarar ya wuce. Haske ma haka yake, na abin da ke nesanta da mu yakan karkata zuwa ja. Buɗewar kuma ta fi kama da kwaɓin fanke da aka barbaɗa wa riɗi: yana tashi, kowace ƙwaya tana nisa da 'yan uwanta, babu wadda ke tsakiya.

Idan aka bi sawun baya sai a isa lokacin da komai yake dunƙule cikin tsananin zafi, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Shi ake kira Babbar Fashewa, kodayake sunan yana ruɗarwa, tunda ba wani abu ne ya fashe a cikin fili ba, filin ne da kansa ya shimfiɗu. Fred Hoyle na Birtaniya ne ya laƙaba sunan a rediyon BBC a 1949, alhali shi bai yarda da ra'ayin ba. Abin da ya raba gardama ya zo a 1965, lokacin da Arno Penzias da Robert Wilson a Amurka suka bayyana wani shuu da eriyarsu ke kamawa daga kowace fuska ta sama. Har kashin tattabaru suka share daga cikinta, shuu ɗin bai tafi ba. Ragowar zafin farko ne, ya huce ya kai kusan digiri 270 ƙasa da sifili. Ɗan kaɗan daga yayyafin da tsohuwar talabijin mai eriya ke nunawa idan tasha ta ɗauke, daga can yake.

Batun tsari

Masana sun lura cewa da ƙarfin da ke riƙe cibiyar ƙwayar zarra ko ƙarfin janyowa sun sauya sosai, da taurari ba su daɗe suna ci ba, da kabon ɗin da jikinmu ya ginu da shi bai samu ba. Mai imani yana ganin hikimar Mahalicci ƙarara. Wasu masana suna cewa wataƙila duniyoyi ne birjik, tamu ce ta dace da rayuwa, sai dai babu na'urar da ta hango ko ɗaya daga cikinsu.

A nan ake yawan zarmewa. Masu wa'azi kan kawo aya ta 30 ta Suratul Anbiya da ta 47 ta Zariyat su ce ga Babbar Fashewa a Alƙur'ani, wasu malaman tafsiri kuma suna jan kunne, domin nazariyya tana iya sauyawa gobe. Jan kunnen yana da ƙarfi. Lemaître da kansa bai ji daɗi ba da Paparoma Pius na 12 ya ɗaura halitta a kan wannan bincike a 1951. Madubin hangen nesa yana faɗin yaushe da yaya, ba ya amsa don me, kuma wanda ya ce kimiyya ta kore Mahalicci shi ma ya faɗi abin da ba a auna ba.

Makoma

An daɗe ana zaton janyowa za ta rage gudun buɗewar, ƙila ma komai ya sake dunƙulewa. A 1998 ƙungiyoyi biyu na masana suka gano gudun ƙaruwa yake yi, aikin da ya samu kyautar Nobel a 2011. Abin da ke tura shi ana kiransa ɓoyayyen ƙarfi, kusan kashi 68 cikin 100 na duniya. Wani ɓoyayyen abu mai nauyi ya ɗauki kashi 27, mu da rana da Zara da Kaza da 'ya'yanta duk muna cikin kashi 5 da ya saura.

Idan aka ci gaba a haka, taurari za su ƙare makamashinsu ɗaya bayan ɗaya, sarari ya yi duhu da sanyi. Ranarmu tana da saura kimanin shekara biliyan 5. Musulmi da Kirista kuwa suna jiran tashin kiyama, ranar naɗe sama, wadda babu mai sanin lokacinta sai Allah, don haka ba sa ƙirga ta da wannan lissafi. Shi ma lissafin bai daskare ba: sakamakon da aikin DESI, wani babban binciken sararin samaniya, ya fitar a 2024 da 2025, daga taswirar miliyoyin gungun taurari, ya nuna alamar cewa ɓoyayyen ƙarfin yana iya raguwa a hankali, kuma ana ci gaba da aunawa.