Mahaɗa mai raba nauyi: tambayoyin mai jan tirelar kwana daga Abuja zuwa Jos

Me ya sa gaban motata ke ɗagawa da zarar na ɗaura tirela?

Nauyin hancin tirela, wato ƙarfen gabanta da ake ɗaurawa a mota, yana sauka ne a bayan tayoyin baya, shi ya sa gindin mota ke duƙawa, gaba ya ɗaga. Tayoyin gaba kuwa su ke riƙe da sitiyari, su ke yin mafi yawan aikin birki. Idan nauyi ya bar su, sitiyari zai yi sakwa-sakwa a hannu, birki ya rage kamu, fitila ta koma haska idon mai tahowa. Mahaɗa mai raba nauyi, wato irin ƙarfen da ke haɗa tirela da mota, tana da sandunan sifirin guda 2 da ake ɗaurewa daga kan mahaɗar zuwa ƙarfen hancin tirela. Idan an ɗaure su, sai su mayar da wani ɓangare na nauyin kan tayoyin gaba, wani kuma kan tayoyin tirelar.

Kowace tirela ce ke buƙatarta?

A'a. Abin da aka saba bi shi ne: idan tirela da kayanta ta wuce rabin nauyin motar da ke janta, a yi tunanin saka ta. Amma littafin motarka ne ke da magana ta ƙarshe, domin wasu kamfanoni sun hana ta a wasu motocinsu.

Wace lamba zan saya?

Nan ne ake yawan yin kuskure, don mutane kan duba nauyin tirela gaba ɗaya, alhali nauyin hanci ake bi. Hanci ya kamata ya ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela bayan an loda ta: ruwa a tanki, tukunyar gas, kayan abinci, komai. Tirela mai kilo 2,000 ke nan hancinta zai kama tsakanin kilo 200 da 300. Mu ɗauka ka auna ka samu 240. Sai ka ƙara duk kayan da ke cikin mota a bayan tayoyin baya, misali janareta da kula mai kilo 60. Jimla kilo 300, wato kusan fam 660, tunda yawancin sandunan nan daga Amurka suke, da fam ake rubuta ƙarfinsu. Za ka ga irin su 400 zuwa 600, 600 zuwa 800, 800 zuwa 1,200. A wannan misalin ta tsakiyar ce taka.

Kada mai shago ya ce maka, "Alhaji, ɗauki babbar don ka huta." Sandar da ta fi ƙarfin aikin ba ta lanƙwasa, duk ramin da aka faɗa sai jijjigar ta tafi kai tsaye cikin ƙarfen tirela har ya fara tsagewa. Wadda ta gaza kuma ba za ta sauko da gaban mota ba.

Yaya zan auna hancin a gida?

Sikelin auna mutum ya isa. Ka sa bulo a gefe ɗaya, sikeli a ɗayan, tsayinsu ɗaya, ka gitta katako mai kauri a kai. Hancin ya sauka ƙafa 1 daga bulo, ƙafa 2 daga sikeli. Abin da sikeli ya nuna ka ninka sau 3. Tirelar ta kasance a miƙe, an tokare tayoyinta.

Ƙarfen ja da mai walda ya haɗa mini zai yi?

Ba zai yi ba. Sandunan nan suna murɗa ƙarfen ja da ƙarfi sosai, don haka ana buƙatar na kamfani, mai rami inci 2, wanda aka ɗaure da shasi da bol da noti. Duba takardar da ke manne a jikinsa: akwai adadin ja na zalla da aka rubuta WC, da na raba nauyi da aka rubuta WD. In babu na biyun, bar shi.

A lura da ƙwallon da hancin tirela ke hawa a kan mahaɗa ma. Tirelar Amurka tana amfani da inci 2 ko inci 2 da 5/16, ta Turai kuwa milimita 50. Inci 2 milimita 50.8 ne, ido ba ya bambanta su, kuma a wurin masu kayan kwatano a Apo duka biyun kan haɗu a tebur guda. Tirelar Turai mai birkin da ke kamawa da kansa idan ta tunkuɗo mota galibi ba ta dace da wannan mahaɗa ba, saboda sandunan na iya hana birkin motsi.

Sanda mai lanƙwasa ko miƙaƙƙiya?

Zagayayyiyar sanda mai lanƙwasa tana shiga ta ƙasan kan mahaɗa, tana rataye kusa da ƙasa. Mai kusurwa huɗu da ke shiga ta tsakiyar kai ta fi nisa da ƙasa. Da yawan tudun rage gudu da ke garuruwan kan hanya, ita muka fi so.

Tana hana tirela wutsil-wutsil?

Raba nauyi daban, hana lilo daban. Wasu, kamar Equal-i-zer, an haɗa musu duka biyun. Wasu sai an ƙara ƙaramar sandar goga a gefe, wadda ake sassautawa a hanya mai santsi, a cire kafin ribas. Amma babban sanadin lilo shi ne loda kaya a bayan tirela har hanci ya gaza kashi 10. Wannan babu ƙarfen da zai gyara shi sai an matso da kaya gaba.

Yaya zan san an saita daidai?

A fili shimfiɗaɗɗe, auna daga ƙasa zuwa bakin madigadin tayar gaba sau 3: babu tirela, da tirela babu sanduna, sannan da sanduna. Idan ka samu santimita 90, sannan 93, to na uku ya faɗo tsakanin 90 da 91.5. Kada ya sauka ƙasa da 90, don hakan yana rage wa tayoyin baya kamu. Ana gyarawa ta karkata kan mahaɗa da wosha ko canza zoben sarƙar da ke riƙe da sanduna.

To yanzu zan iya jan tirelar da ta fi wannan?

A'a, iyakar da kamfani ya rubuta wa motar tana nan. Mahaɗar ba ta ƙara wa inji ƙarfi a Hawan Kibo, ba ta ƙara birki a gangarowa. Tirela mai birkin lantarki tana buƙatar na'urar sarrafa birkin a cikin mota, a gwada ta tun kafin a bar Abuja, a kuma sauko gangaren da ƙaramar giya.