Haruffan fiksel

Haruffan fiksel salon rubutu ne na kwamfuta da ake gina kowane harafi daga ƙananan ɗigo masu kusurwa huɗu, a jere cikin gida mai ƙayyadadden girma. Ƙarancin ma'adanar injinan farko ne ya haife su, ba son ado ba.

Tarihi

Gidan da ya fi yaɗuwa shi ne mai ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance. Idan launi ɗaya ne, kowane layi bayit ɗaya (ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta) yake ci, harafi guda bayit 8 ke nan. Galibi akan zana harafin cikin ɗigo 7 sau 7, a bar layi ɗaya a gefe, ɗaya a ƙasa, don kada haruffa su manne. Salon da aka sani a injinan wasa na kasuwa ana danganta asalinsa ga kamfanin Atari, wajajen 1976, kodayake wasu sun fi kiransa da sunan Namco, wanda ya fitar da wasan Pac-Man a 1980. Kwamfutar Commodore 64 ta 1982 tana nuna layi 25, kowanne mai haruffa 40. Allon NES, injin wasan Nintendo, kuwa, mai ɗigo 256 sau 240, ya kasu gida 32 sau 30. A 1984 kwamfutar Macintosh ta fito da salon Chicago, zanen Susan Kare, inda faɗin harafi ya bambanta gwargwadon siffarsa.

Jama'a da yawa sun saba da salon ta wayar hannu, bayan zuwan GSM Najeriya a 2001. Allon wayar Nokia 3310 ɗigo 84 ne sau 48.

Amfani a yau

Ana sa su a wasanni, tambari da kanun fosta. Cikin na kyauta akwai Press Start 2P da VT323.

Aiki da su

Girman rubutu dole ya zama ninkin gidan asali: mai ɗigo 8 a sa shi 8, 16, 24 ko 32. In aka sa 20, wasu ɗigon za su fi wasu kauri. Haka nan a kashe tausasa gefen harafi da manhaja ke yi, domin shi ke sa rubutu ya yi dishi-dishi.

Haruffan Hausa

Nan ne babbar matsala. Da yawa cikin waɗannan salo ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai manhaja ta aro su daga wani salo, harafin ya fito bare a tsakiyar kalma. Mai zana su da kansa yana buƙatar ɗigo biyu zuwa uku a saman sanda don ƙugiya, kuma ya duba kada ƙ ta rikiɗe k, "ƙafa" ta koma "kafa". Aikin da zai ƙetara zuwa Nijar yana buƙatar ƴ. Ajami ya fi wuya, saboda haruffansa na haɗuwa da juna, ga wasula sama da ƙasa, da wuya gida mai ɗigo 8 ya ɗauke su.