Masu tambayata kan Yankari, ga amsoshinku

Na gaji da maimaita magana ɗaya, kowa ya ji ina zuwa Yankari sai ya turo min irin tambayar da na gama amsa wa wani jiya. To ga su nan na haɗa wuri guda, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

A ina take?

Jihar Bauchi, ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga Bauchi ka kama hanyar Gombe, a Dindima ka karya dama har ka kai ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, akwai sauran tafiyar wajen kilomita 40 cikin daji, kada ka fara kiran gida kana cewa ka iso.

Gidan zoo ne?

A'a. Daji ne da ya haura murabba'in kilomita 2,200, an keɓe shi tun 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962. Ba keji, ba mai kawo wa dabba abinci a bokiti. In dabba a keji kake son gani ka je gidan zoo na Kano, ka huta mu huta.

Zan ga zaki?

Da wuya. Kaɗan ne ƙwarai suka rage kuma ba sa son mutane.

Raƙumin dawa da jakin dawa fa?

Wannan Sumu ce kake nufi, wani wurin ajiye namun daji ne daban, ita ma a Bauchi take, can aka ajiye waɗanda aka kawo daga Namibiya a 2006. A Yankari ka sa ran ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gadu, dorina da kada, ga tsuntsaye ba iyaka, amma su ba wanda ke tambayata a kansu sai zaki zaki kawai.

Yaushe zan je in tabbatar na ga giwa?

Ka fara cire "tabbatar" ɗin nan daga ranka, don ko ma'aikatan da ke kwana a dajin ba za su rantse maka ba. Giwayen ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, a dajin da na faɗa maka girmansa, kuma tafiya suke ba dare ba rana. Abin da zan iya cewa shi ne ka je da rani. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko'ina, dabba ba ta da dalilin zuwa inda mota ke bi, har giwayen kan fita su shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye su yi ɓarna, wanda wannan wata rigimar ce daban kuma manoman nan suna da gaskiyarsu, mutum ya yi noman shekara a cinye masa a dare ɗaya ba wasa ba ne. In rani ya kama, tafkuna suka ƙafe, to komai sai ya gangaro kogin Gaji ya sha ruwa, nan ne damarka take. Disamba da Janairu akwai sanyi da daɗin yawo, amma fa lokacin hutu ne, mutane sun cika, ga hazo, kuma wani wurin ciyawar ba ta gama kwanciya ba. Maris da Afrilu sun fi don ganin dabba, sai dai zafin ba na wasa ba ne, mai hawan jini ko mai ƙananan yara ya yi tunani. Ni dai in za a bi tawa, ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, kuma ka kwana biyu aƙalla, ka fita da sassafe ka sake fita bayan la'asar. Mai zuwa da azahar ya zaga awa ɗaya ya dawo yana cewa an cuce shi, shi ya cuci kansa. Duk da haka kana iya yin duk wannan ka tashi da kashin giwa sabo yana tururi a kan hanya da rassan da ta kakkarya, ita kuwa ko ƙeyarta, wani kuma ya shigo ranar farko garke ya tare masa hanya. Rabo ne. In Allah ya sa kun haɗu, musamman mai ɗa, ka zauna a mota ka yi shiru ka bi abin da jagora ya ce, ba lokacin sauka ɗaukar hoto ba ne.

Da gaske birai na ƙwace abinci?

Da gaske. Bika ce, kuma ta san leda, ta san yadda ake tura ƙofar da ba a kulle ba. Ku ne kuka lalata su da miƙa musu biskit don a yi bidiyo, yanzu sun raina kowa. Kulle ɗaki, ɗaga gilashin mota, kada a ba yaro abinci ya riƙe a waje.

Ruwan Wikki yana magani?

Ruwa ne mai ɗumi garai-garai, yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa wajen digiri 31 rani da damina, kana hango yashin ƙasansa. Ka yi wanka ka ji daɗin jikinka. Mara lafiya asibiti.

Hajiya ta ce tana tsoro, ba haɗari?

Hajiya ki kwantar da hankalinki, iyalai na zuwa har 'yan makaranta ana kaiwa. Ba a shiga daji sai da jagora, kuma ba a yawo da ƙafa barkatai. A dai riƙe yara a bakin ruwa.

Ana samun naman daji ko man zaki a saya?

Haba ɗan'uwa. Wurin da aka keɓe don kada a kashe su, nan za ka je cefane? Akwai masu gadin dajin nan da suka rasa rayukansu a hannun mafarauta, kuma irin kuɗinka ne ke sa mafaraucin komawa. Kada a ƙara min wannan tambayar.

Nawa ne kuɗin shiga da na ɗaki?

Yana canzawa. Ku tambayi masu wurin kafin ku taso, ni ba ni nake yankan tikiti ba.