Ƙumbar Kogin Clinch

Kogin Clinch yana tasowa daga gundumar Tazewell da ke kudu maso yammacin jihar Virginia a Amurka, ya gangara kimanin kilomita 480 har ya haɗu da Kogin Tennessee a kusa da garin Kingston. Ya yi suna saboda ƙumbar ruwa, wato halittar nan mai ɓawo biyu da ke binne kanta cikin tsakuwar ƙasan kogi tana tace ruwa don samun abinci. Ana ƙiyasin akwai jinsi fiye da 40 a cikinsa, kuma da dama daga cikinsu suna jerin halittun da gwamnatin Amurka ta ce suna dab da ƙarewa.

Haihuwa

Ƙumba ba ta iya yaɗuwa sai da kifi. Namiji yana sakin maniyyinsa cikin ruwa, macen ta zuƙe shi, ƙwan su ƙyanƙyashe a jikinta. 'Ya'yan, waɗanda masana ke kira gilokidiya, ƙanana ne ƙwarai, da ƙyar ido ke ganinsu, kuma dole su maƙale a gaɓar numfashin kifi na 'yan makonni kafin su faɗo ƙasa su kama rayuwar kansu. Ba kowane kifi ne ke yi ba. Wani jinsin da kifi iri ɗaya ko biyu kaɗai yake dacewa. Matan dangin Lampsilis kan fito da wata tsoka mai kama da ƙaramin kifi, babban kifi ya kawo cafka, su fesa masa 'ya'yan. Na dangin Epioblasma kuwa, wasunsu datse kan kifin suke yi da ɓawonsu, kamar tarko, har sai sun gama ɗora masa kayan.

Tarihin gurɓatar kogin

Ɓangaren kogin da ke wajen ƙarshensa ya sauya tun 1936, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Norris. A 1967 katangar tafkin tokar kwal ta tashar lantarki da ke Carbo, a bakin kogin a jihar Virginia, ta ɓalle, ruwan toka mai kaifi ya kwarara cikin kogin, ya kashe kifaye masu ɗimbin yawa, ya share ƙumba a tsawon kilomita da dama. A 1970 kuma asid ya zuba daga wannan tasha. Kifi da ƙwarin ruwa sun dawo cikin 'yan shekaru, amma ƙumba ta ɗauki gomman shekaru ba ta koma yadda take ba. Dalili kuwa a fili yake: ba ta tafiya mai nisa, tana jimawa kafin ta isa haihuwa, sannan 'ya'yanta ba sa jure amoniya da tagulla ko da kaɗan ne a ruwa. Shi ya sa a kan tarar da wuri cike da manyan ƙumba masu shekaru, babu ƙanana ko ɗaya a tsakaninsu.

A watan Agustan 1998 wata tankar mota ta kife a garin Cedar Bluff da ke Virginia, ta zubar da sinadarin sarrafa roba fiye da galan 1,300, ya kwarara cikin kogin. An ƙiyasta ƙumba kusan 18,000 suka mutu, ciki har da jinsi uku da doka ke karewa.

Aikin farfaɗowa

Diyyar da aka biya kan haɗarin 1998, kusan dala miliyan 3.8, ta taimaka wajen kiwon ƙumba a cibiyar jihar Virginia da ke Marion da kuma ta jami'ar Virginia Tech. Ana ɗebo mace mai ɗauke da 'ya'ya daga kogi, a ɗora 'ya'yan a kan kifin da ya dace cikin tanki, a tattara su idan sun faɗo, a ciyar da su gansakukar ruwa shekara ɗaya ko biyu. Kafin a sake su ana manna wa ɓawon ƙaramar lamba don a gane su daga baya. Masu aikin ba sa ɗaukar tsirar waɗanda aka saka a matsayin cikakkiyar nasara, sai an ga ƙananan da aka haifa a cikin kogin.

Mace-macen 2016

Daga 2016 aka fara ganin jinsin ƙumbar da ake kira pheasantshell yana mutuwa da yawa a Kyles Ford, wani wuri a kan kogin a jihar Tennessee. Wani bincike na 2020 ya danganta lamarin da wata ƙwayar cuta, wasu masanan kuma suna ganin gurɓatar ruwa na da hannu a ciki.