Alamar kunne mai harafin T a Birtaniya, me doka ta ce a kanta?

Jama'a musamman mu da ke zaune a Birtaniya da iyaye ko yara masu sa na'urar ji a kunne, wannan shuɗiyar alama mai hoton kunne da harafin T da kuke gani a banki ko wajen sayen tikitin jirgin ƙasa tana nufin an sa lup a wajen. Waya ce ake zagayawa da ita a ɗaki ko a ƙarƙashin kanta, ma'aikaci ya yi magana a makirufo, wayar ta maida maganar ta zama sigina na maganaɗisu, wata 'yar ƙaramar waya da ke cikin na'urar kunnen ta cafke, sai mutum ya ji muryar tar-tar ba hayaniyar mutanen da ke kan layi. Abinda zai yi kawai ya maida na'urarsa kan T.

To doka fa? Dokar Daidaito ta 2010, sashe na 20, ta ɗora wa duk mai hulɗa da jama'a, shago ne ko asibiti ko ofishin gwamnati, ya yi gyara daidai gwargwado saboda masu buƙata ta musamman, har da samar da kayan taimako. Ba ta ce dole sai lup a ko'ina ba, ana duba girman wajen da ƙarfin aljihunsa, mai ɗan shagon kwana ba za a auna shi da babban banki ba. Amma ba sai ka zo ka roƙa ba, su ne ya kamata su yi tanadi tun kafin ka shigo, kuma dokar ta hana su caje ka ko kwabo. Wannan a Ingila da Wales da Sikotilan ke nan, Arewacin Ayalan dokar 1995 ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci suke bi har yanzu.

Abinda ke ci min tuwo a ƙwarya wallahi shi ne a manna alama amma na'ura a kashe, ko ma'aikacin bai ma san inda ake kunnawa ba, dattijo yana ta gyaɗa kai don kunya alhali bai ji nawa za a cire masa ba, ko ƙwaya nawa likita ya ce ya sha. Don Allah kar ku yi kara, ku ce a kunna. In suka ƙi a rubuta musu ƙorafi a ajiye kwafi, in abin ya kai ga kotu wa'adin wata 6 ne daga ranar da abin ya faru.

Sannan a duba na'urar Baba ma, hukumar lafiya ta gwamnati wato NHS kyauta suke bayarwa amma sau da yawa sai ka ce wa likitan ji ya buɗe maka T ɗin kafin ta yi aiki da lup.